Mutum-mutumin waliyyai a cocinmu: wanne za a mayar, wanne za a ajiye?

Ɗan Kwamiti:

Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Na kawo muku wata magana da ta hana kwamitin cocinmu sakat tun watan jiya, domin na san a cikinku akwai waɗanda suka fi mu sani. Cocin namu na Katolika ne, yana nan Kaduna, bayan an haye gada, kuma ba zan ambaci sunansa ba tun da maganar ba ta kai gaban Fada, wato limamin cocinmu, ba tukuna.

Da damina ta wuce muka canja kwanon rufi muka yi sabon fenti, sai ya zama dole a sauke duk mutum-mutumin waliyyai da hotunan bango a kai su ɗakin ajiya. Ranar da za a mayar da su ne muka ƙirga, muka tarar da mutum-mutumi 13, ban da babban gicciye da hotuna 14 na Hanyar Gicciye, masu nuna wahalar Yesu daga hukunci har zuwa kabari. A cikinsu uku na Uwarmu Maryamu ne, biyu na Waliyyi Antoni, kuma kusan kowanne akwai gidan da ya saya ya kawo, har an rubuta sunan gidan a gindinsa. Wasu sun ce a mayar da su duka yadda suke, domin wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa mutuncin gidan da ya kawo shi. Wasu kuma sun ce cocin ya koma kamar shagon sayar da kayan ibada, har baƙo yakan shigo idonsa ya rasa inda bagade yake. Akwai kuma wani tsohon mutum-mutumin katako na Waliyyi Yusufu, mijin Maryamu, wanda ya girme yawancinmu, gara ta ci gindinsa, hancinsa ya guntule, kuma wani ɗan kasuwa ya yi alkawarin kawo sabo mai ƙyalli daga Anaca idan an yarda a yar da tsohon.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne ɗana mai shekara 11. Ya dawo daga makaranta ya tambaye ni ko gaskiya ne mu 'yan Katolika gumaka muke yi wa sujada, domin haka abokansa suka faɗa masa. Na ce masa a'a. Sai ya ce to me ya sa Kaka take durƙusawa a gaban Maryamu tana shafa ƙafarta da hankici? Na buɗe baki zan amsa, sai na ga abin da nake da shi bai wuce "haka muka tarar" ba.

Baba Katikis:

Ɗana, ka gaishe mini da jikan nawa, ka faɗa masa tambayarsa ta fi ta kwamitinku nauyi. Na yi shekara 34 ina koyar da katikizim, wato darussan addinin Katolika, da Hausa, daga ƙauyukan wajen Kaciya har na dawo cikin gari, kuma ban taɓa gama ajin masu shirin baftisma ba tare da wani ya ɗaga hannu ya yi wannan tambaya ba.

Hausa ba ta bar mu cikin duhu ba, domin ta ba mu kalma biyu. Gunki shi ne abin da mutum ya gaskata akwai iko a cikinsa, yana yi masa yanka, yana ba shi abinci, yana tsoron fushinsa. Mutum-mutumi kuwa siffa ce kawai, ko wanda manomi yake kafawa a gonar shinkafa don korar tsuntsaye sunansa ke nan. Ni na ga gunki da idona. A gidan mahaifina akwai wata tukunya a bayan rumbu, gashin kaza da busasshen jini sun manne a bakinta, mace ba ta zuwa kusa da ita, mu yara kuma ko nuna ta da yatsa ba ma yi. Ranar da mahaifina zai karɓi baftisma, shi da hannunsa ya fito da ita ya fasa, jikinsa yana rawa. Wannan mutum ɗin ne ya rataya gicciye a ɗakinsa, yana durƙusawa a gabansa safe da yamma har ya bar duniya. Wata rana gicciyen ya faɗo hannu ɗaya ya karye, sai ya aike ni na sayo gam, ya liƙa ya mayar, bai yanka ko kaza ba, bai kuma kwana yana jiran masifa ba. Da tukunyar ce ta fashe haka a da, da gidan bai yi barci ba.

Maganar durƙusawa kuma, a ƙasarmu gaisuwa ce. Amarya tana durƙusa wa surukarta, bafade yana faɗuwa a gaban sarki, ba wanda ya ce bauta suke yi. Ikkilisiya ta koya mana cewa sujada ta Allah ce shi kaɗai, waliyyai kuma girmamawa ake yi musu, abin da muke roƙonsu shi ne su yi addu'a dominmu, kamar yadda muke faɗa wa Maryamu a yawancin ƙwayoyin rosari, wato carbinmu. A 1982 ina cikin taron da ya ga Paparoma Yohanna Bulus na Biyu a Dandalin Murtala a nan Kaduna, ranar da ya naɗa sababbin firistoci. A 2014 aka sa shi cikin waliyyai, yanzu hotonsa yana bangon coci-coci da yawa. Idan na tsaya a gaban hoton nan na san mutum nake tunawa, mutumin da rana ɗaya ta doke mu tare.

Ɗan ECWA na Narayi:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma mahaifiyata a can ta tashi, saboda haka ba da raini nake magana ba. Littafin Fitowa sura 20, aya 4 da 5, ya ce kada a yi siffar wani abu da ke sama, ko ƙasa, ko cikin ruwa, kada kuma a rusuna musu. Ayar ba ta tambayi abin da ke cikin zuciyar mai rusunawa ba, ta hana yin siffar, ta hana rusunawar. Mu an koya mana wannan ita ce doka ta biyu, amma a jerin da 'yan Katolika suke haddacewa ba a jin ta, an raba ta ƙarshe gida biyu don lissafin ya cika goma, kuma tun muna yara ake faɗa mana da gangan aka yi hakan.

Bara na je jana'izar kawuna a wani cocin Katolika, na ga wata mata ta sumbaci ƙafar mutum-mutumi, ta naɗe wata 'yar takarda ta cusa a ƙarƙashinsa. Bambancin da kuka yi tsakanin sujada da girmamawa na yarda yana cikin kanku, Baba, domin kun yi karatunsa. Tambayata ita ce ko yana cikin kan wannan mata a lokacin da take cusa takardar.

Malamin Tarihi:

Ɗan'uwa na Narayi, bari in fara da lissafin dokokin, domin shi ne mai sauƙi. Littafi Mai Tsarki ya ce goma ne, amma bai sa musu lamba ba. 'Yan Katolika da 'yan Lutheran sun bi rabon Waliyyi Agustin, wanda ya haɗa hanin wasu alloli da hanin siffofi a doka ɗaya. Kiristocin Otodoks na Girka da Rasha kuwa suna ƙirga ta daban kamar yadda kuke yi, duk da haka ba cocin da ya kai nasu cika da hotuna. Ashe ba lissafin ne ya kawo hotunan ba.

Ka ci gaba da karatu daga inda ka tsaya. Sura biyar kawai bayan wannan hani, a Fitowa 25, Allah ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan murfin akwatin alkawari, wato siffar abin da ke sama, a wuri mafi tsarki. A Littafin Ƙidaya sura 21 ya sa shi ya yi macijin tagulla ya kafa a kan sanda, wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu, kuma Yesu da kansa ya kwatanta gicciyensa da wannan maciji a Yohanna 3:14. To, ga wurin da nake so kowa a zauren nan ya tsaya ya duba da kyau. A 2 Sarakuna 18:4, Sarki Hezekiya ya farfashe wannan maciji, domin Isra'ilawa sun koma ƙona masa turare, har ana ce da shi Nehushtan, kuma Littafin ya yabi Hezekiya. Tagullar ba ta canja ba, Musa ne ya ƙera ta da umarnin Allah, mutanen da ke gabanta ne suka canja. Saboda haka Baba Katikis yana da gaskiya cewa siffa ba gunki ba ce, kai ma kana da gaskiya cewa tana iya komawa gunki.

Ikkilisiya ta yi wannan gardama da jini tun kafin a haifi kakanninmu. Wajen shekara ta 726 Sarki Leo na Uku na Daular Rum ta Gabas ya fara yaƙi da hotuna, rikicin yana lafawa yana tashi har 843. Wanda ya fi kowa kare hotuna a rubuce shi ne Yohanna na Dimashƙa, kuma abin lura shi ne a ƙarƙashin mulkin Musulmi na Banu Umayya yake zaune, inda hannun sarkin Rum ba ya kaiwa. Hujjarsa ita ce an hana Isra'ila yin siffar Allah domin ba su ga wata siffa ba a ranar da ya yi musu magana a dutse, amma tun da Kalman Allah, wato Almasihu, ya zama mutum, an gan shi, an taɓa shi, ya ci ya sha, to abin da ido ya gani hannu yana iya zanawa. A 787 babban taron bishop-bishop na biyu a Nikiya ya yanke cewa a girmama hotuna, amma sujada ta Allah ce kaɗai, ya kuma ɗauki maganar Waliyyi Basil cewa girman da aka ba hoto yana wucewa zuwa ga mai hoton. Bayan da masu gyaran Ikkilisiya irin su Zwingli da Calvin suka fitar da siffofi daga majami'unsu, taron bishop-bishop na Katolika a Tirento ya sake magana a 1563, ya ce a ajiye siffofin Almasihu da na Maryamu da na waliyyai, ba domin an gaskata akwai allahntaka ko iko a cikinsu ba, ba domin a roƙi wani abu daga gare su ba, ba kuma domin a dogara gare su ba. Duk ɗan Katolikan da ya wuce wannan iyaka koyarwar cocinsa ya saɓa wa tun kafin ya saɓa wa taku.

Maman Biyu:

Ina gaishe da Baba Katikis, ina gaishe da malamai. Na ga duk misalin da aka kawo na kuskure mace ce a ciki, Kaka da hankici, wata mata da takarda, saboda haka bari ɗaya daga cikin matan ta yi magana da bakinta.

Shekara shida da suka wuce ɗaya daga cikin tagwayena ya kwanta a asibiti kwana tara, likita ya daina kallon idona idan yana magana. Kullum da asuba kafin in kai abinci sai in biya coci, in zauna a ƙarƙashin hoto na 13 na Hanyar Gicciye, inda aka sauko da Yesu aka ɗora shi a cinyar mahaifiyarsa. Addu'ar ma ta ƙi fitowa, rosari yana hannuna amma bakina ya mutu. Kallon matar nan kawai nake yi, ina cewa a raina ke kin san wannan abu, ki faɗa wa ɗanki. Na taɓa hoton, ban musa ba, na kuma rubuta sunan yaron a takarda na ajiye a kogon Maryamu da ke waje. Na san siminti ne, da idona na ga birkila yana gyara masa hannu da cokalin gini. Hoton marigayiya mahaifiyata yana falona, nakan goge shi in ce masa "Inna, kin ga jikokinki", ba wanda ya taɓa ce mini na haukace ko na yi tsafi.

Ɗan'uwa na Narayi, ka tambaya ko bambancin yana cikin kan matar da ka gani. Da ka tambaye ta da ta faɗa maka. Mu 'yan zumuntar mata mu ne muke wanke ƙurar hunturu daga jikin waɗannan mutum-mutumi da omo da tsumma, mu ne muka san wanda bayansa rami ne, da wanda ƙadangare yake kwana a ciki. Wanda yake wanke abu da omo duk Asabar da wuya ya ɗauke shi Allah.

Maƙwabci daga Tudun Wada:

Ina yi wa jama'ar zaure sallama. Ni Musulmi ne, abokin aikin Ɗan Kwamiti, shi ya sa ni a wannan zaure tun bara, kuma na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Mama, Allah ya raya tagwaye, maganarki ta taɓa ni.

Ba gardama na zo yi ba, ina so ne in bayyana dalilin da ya sa mu muke tsoron abin tun daga tushe. A Suratu Nuhu aya ta 23 an ambaci gumaka biyar na mutanen Annabi Nuhu, Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa sunayen mutanen kirki ne, da suka mutu sai jama'arsu suka kafa musu alamu a wuraren zamansu don tunawa. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba, sai da suka shuɗe, ilmin ya ɓace, sannan na baya suka bauta musu. Haka kuma a Suratuz Zumar aya ta 3, masu shirka sun ce ba su bauta musu sai don su kusantar da su ga Allah. Saboda haka idan Musulmi ya ji an ce "ba shi muke roƙo ba, tunawa muke yi", wannan labari ne yake faɗo masa a rai. Mama ta san siminti ne, mahaifin Baba Katikis ya san katako ne. Abin da muke tambaya shi ne jika da tattaɓa-kunne, waɗanda za su gaji durƙuson ba tare da sun gaji bayanin ba. Na ga labarin macijin tagulla da Malam ya kawo ya yi kama da wannan ƙwarai.

Baba Katikis:

Malam na Tudun Wada, ka yi magana ta hankali, kuma ba zan ɓoye maka ba, abin da kake tsoro na gan shi. Wani mutum ya taɓa ce mini Maryamun wani coci ta fi ta cocinmu amsa addu'a, don haka can yake kai kyandir ɗinsa. Na ce masa Maryamu nawa ce? Na ga ɗalibai lokacin jarrabawa suna goga biro a ƙafar Waliyyi Antoni alhali ba su buɗe littafi ba. Na ga direban da ya rataya rosari a madubin mota bai san ko addu'a ɗaya ta cikinsa ba, wannan kam laya ce, sunanta kawai aka canja. Ba na kare irin wannan, kuma laifin namu ne masu koyarwa, domin mun bar yara da siffa ba mu ba su labarin mai siffar ba. Yaro nawa ne a cocin Ɗan Kwamiti zai iya faɗin dalilin da ya sa Bitrus yake riƙe da mabuɗi, Bulus da takobi, Yusufu da kayan sassaƙa? Paparoma Gregori Babba, wajen shekara ta 600, ya rubuta wa wani bishop na Marsai da ya farfasa hotuna, ya yaba masa da ya hana a yi musu sujada, ya tsawata masa da ya fasa su, ya ce abin da rubutu yake ga mai karatu shi ne hoto ga wanda bai iya karatu ba. To, littafin da ba a karanta wa kowa ba, ado ne kawai a kan kanta.

Inda muka rabu da kai shi ne magani. Ku kun ce a toshe ƙofar gaba ɗaya, mu mun ce a bar ta a buɗe a sa mai gadi. Ikkilisiya ma tana da nata tunatarwar, domin daga Lahadi ta biyar ta azumin da muke yi kafin Ista ana lulluɓe gicciye da mutum-mutumi duka da shunayyar yadi, a buɗe gicciye ranar Juma'ar mutuwar Ubangiji, sauran kuma sai daren Ista. Kusan mako biyu muna sujada ba ma ganin fuskar kowa, Misa, wato babbar sujadarmu, kuma ba ta ragu da komai ba. Kowace shekara a wannan lokaci nake tara yara in tambaye su ko Allah ya tafi tun da an rufe siffofin.

Malamar Zane daga Barnawa:

Iyayena, ku ba ni dama in karkata kaɗan, amma a kan maganar nake. Yallaɓai Ɗan Kwamiti, a cikin 13 ɗin nan, nawa ne suke da fuska irin ta ɗanka? Ina tsammani ɗaya ne, Martin na Porres da tsintsiyarsa, idan ma yana ciki. Sauran fari fat, da shuɗin ido da jan leɓe, alhali Yesu da Maryamu da Yusufu mutanen Falasɗinu ne. Wanda ya fi ci mini rai shi ne Mala'ika Mika'ilu, fari sol da gashin zinariya, ya taka Shaiɗan da aka shafa wa baƙin fenti. Na taɓa ganin yarinya 'yar shekara biyar ta tsaya a gabansa ta dubi na sama, ta dubi na ƙasa, sannan ta dubi hannunta. Idan hoto littafi ne kamar yadda Baba ya faɗa, sai mu tambayi kanmu abin da wannan shafi yake koyarwa.

Ba rashin waliyyai ne ya kawo haka ba. Akwai Charles Lwanga da abokansa da aka ƙona a Namugongo ta Yuganda a 1886, aka sa su cikin waliyyai a 1964. Akwai Josephine Bakhita, 'yar Darfur da aka sace tana yarinya aka sayar da ita baiwa, ta zama waliyyiya a 2000, kuma ban san wadda ta fi dacewa da iyayen da aka sace wa 'ya'ya a jihar nan su dube ta ba. Akwai namu na gida, Fada Cyprian Tansi, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana shi mai albarka, wato matakin da ke kafin zama waliyyi, a 1998 da ya zo Nijeriya. Ba kuma rashin masu hannu ba ne. A ƙasar Jaba ta jihar nan aka tono kawunan yumɓu na Nok da suka haura shekara 2,000. A 1947 limaman Katolika na ƙungiyar 'yan mishan ta SMA, wadda ita ce ta kafa mishan a Shendam a 1907, suka buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti ƙarƙashin Fada Kevin Carroll da Fada Sean O'Mahoney, inda masassaƙan Yarbawa suka yi Maryamu da masanan nan na gabas da suka zo gaishe da jariri Yesu, da kamannin mutanen ƙasarsu. Lamidi Fakeye, wanda ya yi suna har ƙasashen waje, Musulmi ne, kuma tare da Fada Carroll ya yi aiki shekaru da yawa. An rufe wurin a 1954, kuma cikin masu ƙin aikin har da Kiristocin gida, waɗanda suka ga sassaƙen ya yi musu kama da abin da suka baro. Wato abin da ya zo daga Turai mun kira shi mutum-mutumi, wanda ɗan'uwanmu ya sassaƙa da gizago mun kira shi gunki.

Ɗan ECWA na Narayi:

Malama, wannan kam ta same mu duka, domin kalandar da ke ɗakina da littattafan makarantar Lahadi da muka yi karatu da su, Yesun da ke ciki Bature ne. Malamin Tarihi, na karanta 2 Sarakuna 18 a daren jiya, na kuma janye maganar cewa da gangan aka ɓoye doka. Amma har yanzu ina ganin kerubobi da macijin tagulla Allah ne ya ba da umarninsu da bakinsa, ba wanda ya umarci a yi Waliyyi Antoni, balle guda biyu. Mama, ki gafarce ni idan maganata ta yi kama da raini, ban tambayi matar ba kam.

Ɗan Kwamiti:

Na gode muku duka, na karanta wa ɗana labarin tukunya da gicciye, ya ce zai kai wa abokansa. Saura matsalar kwamiti. Malam, akwai wata doka a rubuce da zan riƙa a hannu ranar taro, don kada a ce ra'ayina ne?

Malamin Tarihi:

Akwai. Babban taron bishop-bishop na Vatikan na Biyu, a takardarsa ta 1963 kan tsarin sujada, sakin layi na 125, ya ce a ci gaba da ajiye siffofi masu tsarki a coci, amma yawansu ya zama daidai wa daida, a kuma jera su bisa tsari, don kada su rikitar da jama'a ko su jawo ibadar da ba ta kan hanya. Dokokin Ikkilisiya na 1983 sun maimaita haka a doka ta 1188. Ƙa'idojin Misa na Roma kuma, a lamba ta 318, sun ce a bisa al'ada kada a sa siffar waliyyi ɗaya fiye da sau ɗaya a coci guda. Ka ga Maryamu uku da Antoni biyu ba su da mafaka. Game da tsohon Yusufu, doka ta 1189 ta ce siffar da take da daraja saboda tsufa, ko gwanintar aiki, ko ibadar jama'a, ba a gyara ta sai da izinin bishop ko wakilinsa a rubuce, bayan an nemi shawarar masana. Ko taku ta kai wannan matsayi, Fada ne zai bincika, amma kwamiti ba shi da ikon yar da ita don wani ya yi alkawarin sabuwa.

Maman Biyu:

Doka tana da kyau, amma kada ka shiga taro da takarda a hannu kamar ɗan sanda, domin gidajen nan da suka kawo mutum-mutumin yawancinsu alkawari suka cika, wata haihuwa ta samu bayan shekara goma, wani daga hannun masu garkuwa ya dawo. Idan suka zo ranar Lahadi suka tarar da nasu a ɗakin ajiya tare da karyayyun benci, wasu ba za su sake taka cocin ba. Ku ɗauki Fada da shugabar zumunta ku bi su gida-gida tukuna. Maryamu ɗaya ta zauna a ciki, ɗaya ta koma kogon waje, ta ukun kuma a roƙi masu ita su raka ta da kansu zuwa ɗaya daga cikin ƙananan majami'un ƙauye da Fada yake zuwa yi musu Misa, inda ko gicciyen kirki babu. Abin da aka sa wa albarka kuma ba a kai shi bola, idan ya lalace ƙwarai binne shi ake yi ko a ƙona, haka iyayenmu suka koya mana. Ɗan kasuwan nan kuwa, tun da hannunsa a buɗe yake, a nuna masa maganar Malama, ya kawo mana Bakhita.

Kafinta na Kakuri:

Ranku ya daɗe, ni ba malami ba ne, amma katako sana'ata ce shekara 26, kuma Waliyyi Yusufu uban sana'armu ne, saboda haka kada a yanke masa hukunci kafin a duba shi. Yallaɓai Ɗan Kwamiti, ka ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa daga kai zuwa ƙasa, inda ya yi ƙara kamar ganga nan gara ta shiga, inda ya amsa da nauyi lafiyarsa ƙalau. Idan maɗaci ne ko ƙirya, sau da yawa gindin kawai take ci, inda ya taɓa danshin siminti. Ana yanke ruɓaɓɓen, a jiƙa sauran da maganin gara, a bar shi ya sha iska mako biyu a inuwa, a yi masa sabon gindi, sannan a ɗora shi a kan abin da zai raba shi da ƙasa. Hanci kuma ƙaramin aiki ne, da guntun katako irin nasa ake yi, ba da siminti ba. Na roba da ake kawowa yana da kyau a shekarar farko, amma wanda na gani a kusa da taga rana ta koɗar masa da fenti kafin shekara biyar, kuma idan ya tsage ba ya karɓar gyara.

Ina roƙo kada kowa ya shafa masa fenti ko man gyaɗa kafin in zo, domin fenti rufe ramin gara yake yi ta ci gaba da aikinta a ciki. Ka nemi izinin Fada, idan ya yarda zan shigo ranar Asabar bayan Misar safe da kayan aikina, kuɗin magani kawai za ku biya.